Yadda ake neman digirin digirgir a fannin binciken hujjojin dijital

A 2012 Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukunci a shari'ar Kubor da Dickson, wadda ta taso daga zaɓen gwamnan Bayelsa. Cikin hujjojin da aka gabatar akwai labaran da aka ciro daga shafukan intanet aka buga a takarda, kotu kuwa ta ƙi amincewa da su saboda ba a cika sharuɗɗan sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ba. Sashen yana neman a nuna cewa na'urar da ta fitar da bayanin tana aiki yadda ya kamata, a kuma bayyana hanyar da aka bi aka samo shi. Tun daga nan kowane lauya ya gane cewa samun saƙo a waya daban, tabbatar da shi a gaban alƙali daban. Fannin da ke tsaye a kan wannan gaɓa shi ne binciken hujjojin dijital: yadda ake ɗauko abin da ke cikin waya ko kwamfuta ba tare da an gurɓata shi ba, a fassara shi, a kuma iya kare fassarar idan lauyan ɗaya ɓangaren ya taso da tambayoyi.

Muna da masu aikin a hukumomin tsaro da bankuna. Waɗanda suka yi mana ƙaranci su ne malaman da za su koyar da shi da zurfi, su kuma gwada ko abin da manhajojin ke fitarwa gaskiya ne. Idan kana jin wannan hanyar ce taka, namiji ko mace, ga yadda ake bin ta.

Mataki na farko: ka tantance abin da kake nema

Da yawa suna zuwa da cewa suna son digirin digirgir don su ƙware a manhajojin bincike na kasuwanci irin su EnCase ko Cellebrite ko Magnet AXIOM. Wannan ba aikin digiri na uku ba ne, kwas ɗin 'yan makonni da yawan aiki da hannu ke ba da shi. Mai aikin bincike yana karɓar waya ya amsa tambayar ɗan sanda: wa ya aika saƙon, yaushe, daga ina. Mai digirin digirgir tambayarsa ita ce, ta yaya muka san lokacin da manhajar ta nuna daidai ne, a wane hali take kuskure, kuma kuskuren nata ya kai nawa. Shekara uku zuwa shida za ka yi kana bin tambaya guda irin wannan. Idan abin da ke faranta maka rai shi ne warware shari'a yau ka kama wata gobe, takardun ƙwarewa na sana'a sun fi maka amfani, kuma babu kasawa a cikin hakan. Idan kuwa kai ne wanda ba ya iya barci sai ya gano dalilin da ya sa manhaja biyu suka ba da sakamako mabambanta a kan waya ɗaya, to ci gaba.

Mataki na biyu: ka gyara tushenka

Abin da malamai a wannan fanni ke dubawa shi ne ko ka fahimci abin da ke faruwa a ƙarƙashin maɓallin da ake dannawa. Ka san yadda tsarukan adana fayil irin su NTFS da ext4 da APFS ke ajiye fayil, da abin da ke saura bayan an goge shi. Ka iya buɗe rumbun SQLite da hannunka, domin yawancin manhajojin waya a cikinsa suke zuba bayanansu. Ka iya rubuta manhaja da harshen Python daidai gwargwado, ka saba da Linux, ka kuma koyi lissafin ƙididdiga, wanda shi ne raunin mafi yawanmu da muka fito daga sashen kwamfuta.

Ba ka buƙatar ɗakin gwaji na miliyoyi kafin ka fara. Autopsy da The Sleuth Kit, manhajojin binciken faifai waɗanda Brian Carrier ya assasa, kyauta ne. Volatility na binciken ƙwaƙwalwar wucin gadi kyauta ne, haka Wireshark na duba zirga-zirgar bayanai a intanet, haka ALEAPP na karanta bayanan Android. Kwafin faifai na gwaji kuma akwai su a Digital Corpora da CFReDS na hukumar NIST ta Amurka, an shirya su musamman don ɗalibai su yi atisaye ba tare da taɓa sirrin kowa ba. Ka ɗauki guda, ka bincike shi daga farko har ƙarshe, ka rubuta rahoto kamar gobe za ka tsaya a kotu.

Akwai ɗabi'a guda da nake so ka ɗauka tun yanzu. A fannin nan ana lissafa wa kowane kwafi wani hatimi, galibi da SHA-256, wanda zai canza ko da harafi ɗaya aka taɓa, sannan ana rubuta duk hannun da hujja ta bi da lokacin da ta bi shi. Wanda ya yi karatun hadisi ba zai ga baƙon abu a nan ba: isnadi ne. Idan mutum ɗaya ya faɗi daga silsila, ko aka samu wanda ba a san shi ba, matanin ya raunana komai kyansa. Ƙa'idar ISO/IEC 27037 ta 2012 a kan wannan take magana. Ka saba rubuta kowane mataki na gwajinka da kwanan wata, domin wannan littafin naka shi zai zama ƙashin bayan kundinka.

Mataki na uku: ka samo tambayarka

A nan ya kamata ka fi daɗewa. Kada ka ce batunka shi ne “tsaron intanet a Najeriya” ko “amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen yaƙi da laifuka”. Waɗannan filaye ne, ba tambayoyi ba, kuma malamin da ya ga irinsu ya san mai su bai yi karatu ba.

Ka fara da takardun DFRWS, taron masu nazarin wannan fanni, wanda aka fara a 2001 a garin Utica na jihar New York, yanzu kuma yana da reshen Turai da na Asiya. Takardunsa suna shafinsu kyauta. Ka ƙara da mujallar Forensic Science International: Digital Investigation, da IEEE Transactions on Information Forensics and Security idan hankalinka ya karkata ga hoto da murya, da taron shekara-shekara na IFIP WG 11.9. Ka ɗauki takardun shekara uku da suka wuce, ka karanta aƙalla talatin. A kowace ka rubuta layi uku: me suka tambaya, da me suka gwada, me suka ce bai samu ba. Wannan layi na uku shi ne ma'adinin. Bayan takarda ashirin za ka fara ganin gurbi ɗaya yana maimaita kansa.

Sannan ka sa hannu a aljihunka ka duba wayarka. Yawancin gwaje-gwajen da aka wallafa an yi su ne a kan iPhone da Samsung da Pixel. Ka shiga kasuwar Farm Centre a Kano ka ga abin da ke kan tebura: Tecno, Infinix, itel, duka na kamfanin Transsion, masu ƙwaƙwalwar MediaTek ko Unisoc, kowace da irin kwaskwarimar da aka yi wa Android ɗinta. Me waɗannan wayoyi ke ajiyewa wanda sauran ba sa ajiyewa? Kuɗinmu yana yawo ta OPay da PalmPay da Moniepoint da na'urorin POS na bakin titi. Wace alama cinikin ke bari a cikin na'ura, kuma har yaushe take zama? Mutanenmu suna tura wa juna fayil ta Xender ba tare da intanet ba, wasu suna amfani da WhatsApp na jabu irin su GBWhatsApp wanda ke iya riƙe saƙon da mai shi ya goge. Waya ɗaya takan bi hannu uku ko huɗu kafin ta mutu, a gida guda ma mutum biyar na iya amfani da ita. To ta yaya za a danganta saƙo ga mutum guda? Ga kuma harshe. Mu masu saƙon murya ne fiye da rubutu, idan mun rubuta kuma mukan gauraya Hausa da Turanci, mu jefar da ƙugiyar ƙ da ɗ, mu gajarta kalmomi yadda muka ga dama. Manhajar da ke neman kalma a cikin dubban saƙonni, nawa take tsallakewa idan saƙonnin da Hausa ne? Na'urar gano muryar bogi da aka horar da Turanci, yaya take yi da harshe mai karin sauti?

Kowace daga cikin waɗannan tana iya zama digiri sukutum. Abin da za ka kula da shi shi ne kada ka tsaya a “ba a taɓa yi a Najeriya ba”. Malamin da ke Dublin ko Pretoria zai tambaye ka abin da sauran duniya za ta koya daga amsar. Ka ɗaure tambayarka da matsala ta gama-gari, kamar amincin sakamakon manhaja ko danganta aiki ga mai shi, wayoyinmu su zama filin gwajin da kai ka fi kowa samun damar shiga.

Mataki na huɗu: ka yi ƙaramin bincike kafin ka nemi babba

Ka sayi tsohuwar waya, ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, ka sa manhaja ɗaya. Ka tsara ayyuka: tura saƙo ƙarfe kaza, goge shi ƙarfe kaza, canza agogon wayar, cire layi. Ka rubuta komai. Sai ka ciro bayanan ka kwatanta abin da ka san ka yi da abin da kayan binciken suka ce ka yi. Ka maimaita a waya ta biyu. Wannan kaɗai ya isa takarda mai shafi takwas, kuma ya fi kundin digiri na biyu da aka cika da tambayar ra'ayin jama'a daraja a idon masu tantancewa.

Kada ka taɓa gwaji da wayar wani ba da izininsa a rubuce ba, kada kuma ka ɗauko bayanan shari'ar da ka yi wa aiki a ofis. Dokar Laifukan Intanet ta 2015 da Dokar Kare Bayanai ta 2023 suna nan, sannan babu jami'ar kirki da za ta karɓi aikin da bai bi ta kwamitin ɗa'a ba.

Wajen wallafawa ka yi hattara da mujallun da ke aiko maka saƙo suna alkawarin buga takarda cikin mako guda idan ka biya. Takarda biyar a irin waɗannan suna rage maka ƙima ne. Gara guda ɗaya a ƙaramin taron da aka san ana tantancewa, ko ma rahoto mai tsafta tare da manhajar da ka rubuta a GitHub, inda malami zai iya buɗewa ya gani da idonsa.

Mataki na biyar: ka nemi malami kafin jami'a

Fannin ƙarami ne, mutanensa sun san juna. Sunan jami'a bai kai muhimmancin wanda zai duba aikinka ba. Ka koma takardun nan talatin ka ga sunayen da ke ta dawowa. Za ka ci karo da University College Dublin a Ayaland, inda Mark Scanlon yake. Jami'ar Erlangen-Nuremberg a Jamus, wurin Felix Freiling. Jami'ar Pretoria a Afirka ta Kudu, inda Hein Venter ya daɗe yana yaye ɗalibai. Reshen NTNU da ke Gjøvik a Norway. Jami'ar Lausanne a Suwizalan, wadda ta fi dacewa da 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi masu Faransanci. Cranfield a Ingila. Purdue da Sam Houston State a Amurka. Malamai suna sauya wurin aiki, saboda haka ka duba shafin mutum na yanzu kafin ka rubuta.

A gida ma ana yi. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna tana cikin na farko da suka buɗe sashen tsaron intanet, wasu jami'o'in Arewa ma sun bi sahu. Wanda iyali ko aiki suka riƙe yana iya yi a nan, sai dai ya nemi malami na biyu daga waje ko da ta intanet ne, ya kuma tabbatar akwai kayan gwajin da tambayarsa ke buƙata.

Kafin ka yanke shawara kan kowane malami, ka nemi ɗalibansa na da da na yanzu ka tambaye su a asirce: sau nawa yake zama da su, shekara nawa suke yi kafin su gama, yana karanta abin da aka ba shi? Zama da madaukin kanwa shi ke kawo farin kai, shekara huɗu kuwa zama ne mai tsawo.

Mataki na shida: wasiƙar farko

Gajeriya, sakin layi uku ko huɗu. Mu mun saba da doguwar gaisuwa da kirari, amma a can layi ɗaya ya wadatar. Ka ambaci takardarsa guda da ka karanta da abin da ka lura a cikinta. Ka faɗi gwajin da ka yi da abin da ka samu. Ka faɗi tambayarka cikin jimla biyu, ka ce ko kana da mai ɗaukar nauyinka ko nema kake, ka tambaya ko yana karɓar ɗalibai a zangon da ke tafe. Ka maƙala takardar tarihin karatunka da aikin da ka rubuta. Kada ka aika wasiƙa ɗaya ga mutum hamsin, ana ganewa daga layin farko. Idan mako biyu suka wuce shiru, ka tuna masa sau ɗaya, daga nan ka wuce gaba.

Mataki na bakwai: furofozal, wato takardar tsarin binciken da kake son yi

Shafi uku zuwa biyar ya isa, sai in an ƙayyade maka. Ka buɗe da matsalar da wanda take damu, ka nuna abin da aka riga aka yi da inda ya tsaya, ka jero tambayoyi biyu ko uku da za a iya amsawa da gwaji. Sashen da ake kayar da mutane shi ne na bayanan gwaji: daga ina za su fito, waya nawa, wane iri, ta yaya za ka san ainihin abin da ya faru don ka auna sakamako da shi, wane izini kake buƙata? Ka kuma faɗi abin da za ka yi idan hanyar farko ta toshe, misali idan ɓoye bayanan da Android ta wajabta wa sababbin wayoyi tun daga siga ta 10 ya hana ka isa inda kake so. Babu mai tsammanin za ka bi furofozal harafi da harafi. Ana auna yadda kake tunani ne.

Mataki na takwas: kuɗi

Shawarata ita ce kada ka sayar da gona ko fili don biyan kuɗin digirin digirgir a waje. Akwai hanyoyi. A Norway gurbin digiri na uku aiki ne mai albashi, ana tallata shi a Jobbnorge, shekara uku, ko huɗu idan da koyarwa. A Jamus ma da yawa ma'aikatan bincike ne, ga kuma tallafin DAAD, hukumar musayar ɗalibai da malamai ta ƙasar. Guraben Tarayyar Turai suna fitowa a EURAXESS, na Birtaniya a FindAPhD da jobs.ac.uk. Tun 2021 tallafin UKRI, hukumar ɗaukar nauyin bincike ta Birtaniya, ya buɗe wa 'yan ƙasashen waje, amma kasonsu bai wuce 30 cikin 100 ba, don haka gasar tana da zafi. Tallafin Commonwealth ga 'yan Najeriya yana bi ta Hukumar Bayar da Tallafin Karatu ta Tarayya. A Amurka yawanci sashe ne ke ɗaukar nauyi ta hanyar ba ɗalibi aikin taimaka wa malami, sai dai dokokin bizarsu sun tsananta ga 'yan Najeriya da Nijar a 2025, ka duba halin da ake ciki kafin ka kashe kuɗin fom.

Malaman manyan makarantun gwamnati sun daɗe suna dogara da TETFund. A ƙarshen 2024 asusun ya sanar da dakatar da tura sababbin malamai karatu waje, ya karkata ga na cikin gida. Ka je ofishin da ke kula da harkar a makarantarka ka ji matsayin yau, ka kuma karanta yarjejeniyar dawowa aiki da kyau kafin ka sa hannu.

Idan an ce an ba ka tallafi, ka tambaya dalla-dalla: ya haɗa da cikakken kuɗin makaranta na ɗan ƙasar waje ko na ɗan gida kawai? Bambancin yana da girma ƙwarai a Birtaniya, kuma ya sha tsayar da mutane bayan sun gama murna.

Mataki na tara: takardu

Ka fara da takardar cikakken sakamako daga tsohuwar jami'arka, ita ce ta fi cin lokaci, ka ba ta aƙalla wata uku. Sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS yana aiki shekara biyu, wurare da dama suna neman maki 6.5, wasu kuma suna karɓar shaidar cewa da Turanci aka koyar da kai. Ka tambaya kafin ka biya. Wasiƙun shaida biyu ko uku su fito daga waɗanda suka san aikinka da gaske. Ƙaramin malamin da ya duba kundinka ya fi farfesan da bai san fuskarka ba. Ka ba su furofozal ɗinka da wa'adin wata guda. Mai zuwa Birtaniya a wasu darussan kimiyya da fasaha yana buƙatar takardar tantancewar tsaro da ake kira ATAS kafin biza, jami'a za ta gaya maka ko naka yana ciki. Tun Janairun 2024 Birtaniya ta hana yawancin ɗalibai tafiya da iyali, amma masu digirin bincike suna da damar. Jami'o'in Amurka galibi suna rufe karɓa a Disamba don zangon kaka mai zuwa, saboda haka ka fara shiri shekara guda da rabi kafin ranar da kake son tafiya.

Mataki na goma: ganawa

Yawanci ta bidiyo ce. Ka tanadi wuta da layin intanet na biyu. Za a tambaye ka aikin da ka yi har cikin hanjinsa: me ya sa ka zaɓi wannan hanya, me zai rushe sakamakonka. Abin da ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, ka faɗi yadda za ka gano shi. A fannin da mutum zai iya shiga kurkuku saboda rahotonka, malamai suna tsoron ɗalibin da ba ya iya furta wannan kalma. Kai ma ka yi tambaya: wane kayan gwaji ke akwai, akwai kuɗin halartar taro, takarda nawa ake so kafin a kare kundi?

Bayan an samu gurbi

Idan koyarwa ce burinka, ka fara gina ta tun shekarar farko. Ka karɓi aikin taimaka wa ɗalibai a ɗakin gwaji, ka nemi malaminka ya riƙa sa ka cikin duba takardun taro, ka shiga gasar da DFRWS ke shiryawa. A galibin jami'o'inmu mai digirin digirgir yana farawa daga matakin Lakcara II, ƙarin girma zuwa Babban Lakcara da abin da ke sama kuma yana tafiya ne da yawan wallafa da ingancinta, don haka ka fita da takardu biyu ko uku masu nauyi da kuma tambayar da za ka ci gaba da ita.

Ka yi tunanin ranar dawowa tun kana can. Lasisin manyan manhajojin kasuwanci yana da tsadar da sashe ba zai iya sabuntawa duk shekara ba, saboda haka ka tsara darussanka a kan kayan kyauta. Kwamfutoci goma masu ƙarfi, na'urar hana rubutu a faifai guda biyu, akwatin tsofaffin wayoyi da wutar sola sun isa buɗe aji. Bayanan gwajin da ka haɗa lokacin karatunka, muddin babu sirrin kowa a ciki, ka nemi izinin jami'a ka sake su ga jama'a kafin ka taho, ka kuma zo da kwafinsu don ɗalibanka na farko su fara da su.